Yadda ake kai yara gidan zu ko wurin wasa a Kano a dawo da kowa lafiya

Shekara goma sha biyu ke nan ina kwasar yara zuwa gidan zu da wuraren wasa. Nawa biyar ne, amma da wuya in fita da su kaɗai, don da an ji za mu fita sai maƙwabta da dangi su fara aiko nasu da sabbin kaya, wai a tafi da su. Na taɓa fita da uku, na taɓa fita da goma sha ɗaya. Duk fitar da ta yi mana daɗi, tun daren jajibiri na gyara ta, wadda ta ɓaci kuwa, in na zauna na duba, tun a gida na ɓata ta. Ga yadda nake yi, don ke da za ki fara.

Kayan da za ki tanada

Ruwa shi ne kan gaba. Ki lissafa wa kowane yaro lita ɗaya, babba lita ɗaya da rabi, ki ƙara wata jarka daban ta alwala da wanke hannu da tsarki. In kuna da firji kuma an samu wuta, ki saka rabin ruwan ya daskare tun dare, zai riƙa narkewa a hankali kuna sha. In babu, ki sayi ƙanƙara da safe ki zuba a kula. In kular ma babu, bokiti mai murfi ya isa: ki jera ruwan leda da ƙanƙara a ciki, ki naɗe bokitin da tsohon zani da kika jiƙa.

Sai tabarma babba ɗaya da darduma, buta biyu, sabulu, tishu, da ledoji huɗu ko biyar na shara da jiƙaƙƙun kaya. Kowane yaro da bai kai shekara shida ba a ɗaukar masa wando da riga na canji. Mai goyo ta ƙara zani ɗaya da famfas fiye da yadda take zato.

Jakar magani ba sai ta yi girma ba: filasta, auduga, farasitamol na yara, man basilin, da ƙullin ORS biyu, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa a sha. Duk yaron da yake da maganin da yake sha kullum, musamman mai asma ko sikila, maganinsa a jakarki zai zauna, kada ki bari a aljihunsa.

Kuɗi kuma a hannu, 'yan canji. Mai balan-balan da mai lilo ba su da lokacin jiran tiransifa, kuma a wurin da jama'a suka cika sabis yakan ɗauke. Ki raba kuɗin gida biyu, kada duk su kwana a jaka ɗaya. Wayarki ta cika da caji, da kati a ciki.

1. Zaɓi rana da lokaci

Nan ne yawancin iyaye suke faɗuwa. Kowa ya saba cewa gidan zu na Salla ne, sai a ɗebi yara washegarin idi ko ranar da ta biyo baya, daidai lokacin da rabin yaran Kano da na ƙauyukan kewaye suke can. Titin Zoo Road ya cushe, layin tikiti ya miƙe, ƙaramin yaro ba abin da zai gani sai bayan rigunan mutane. Ni na daina. Yarana suna kallon Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa a kwanakin Salla, gidan zu kuwa sai bayan kwana biyar ko shida, da kayan Sallarsu dai, amma dabbobin sun zama namu mu kaɗai. In dole sai a cikin Sallar, to ku kasance a bakin ƙofa ana buɗewa, ku fito kafin azahar.

Safiya ta fi yamma ko da ba Salla. Da safe dabbobi suna da kuzari, suna zagaya keji, suna ci. Da rana ta take, zaki zai shige lungu ya kwanta, yaro ya yi ta tambaya, “Umma, ina zakin?” ke kuma kina nuna masa jela.

Ki dubi lokacin shekara. Daga Maris zuwa Mayu, musamman Afrilu, zafin Kano yakan haura digiri 40, don haka ko dai ku fita ƙarfe tara ku dawo sha biyu, ko ku bari sai bayan la'asar. Da hunturu, Disamba da Janairu, rana ba ta da zafi amma ƙura tana tayar da tari da asma, a sa rigar sanyi a shafe leɓe da basilin. Da damina, Agusta musamman, hadari yakan haɗu da yamma ba sallama, ga ciyawa ta yi tsawo ga sauro da magariba ta doso. A wurina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, gari bai gama bushewa ba, sanyi bai sauka ba. Ranar Juma'a kuma a bari sai an sauko daga masallaci, ko a bar ta gaba ɗaya.

2. Zaɓi wuri daidai da ƙafar ƙaramin cikinsu

Wuri ɗaya ake zuwa a rana. Kada ki ce za ki haɗa gidan zu da kanti da gidan kaka.

Gidan zu na Kano, wanda yake ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan jihar na farko da aka gina shi a zamaninsa, fili ne mai faɗi da manyan bishiyoyi, tafiya ce sosai tsakanin keji da keji. Ya dace da kowane yaro, amma wanda bai kai shekara uku ba ki sani a bayanki zai ƙare. Dutsen Dala na waɗanda suka kai bakwai ne zuwa sama, masu iya hawa matakala su kuma ji magana, don a saman babu inuwa kuma gefensa ba wurin guje-guje ba ne. Amma yaron da ya tsaya a can ya hango birni a shimfiɗe, aka ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura a inda abin ya faru, ba zai manta ba. Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, shi nake zaɓa lokacin zafi ko hadari, don a cikin ɗakuna ake zagayawa. Ginin tun zamanin Muhammadu Rumfa yake, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotuna. 'Yan firamare aji huɗu zuwa sama su suke jin daɗinsa, ƙanana kuwa cikin rabin awa sun gundura.

Wadda take Kaduna tana da Gamji a bakin kogi, ta Abuja tana da Millennium Park a Maitama, ta Yamai tana da gidan tarihi na Boubou Hama mai dabbobi a ciki. Tsarin duk ɗaya ne. Inda akwai ruwa dai, kogi ko tafki, ki ninka sa ido.

Kafin ranar, ki tambayi wanda ya je kwanan nan abu uku: nawa ne kuɗin shiga yanzu, ƙarfe nawa ake buɗewa, ana barin shiga da abinci? Wasu wuraren wasa na 'yan kasuwa ba sa bari. Gara ki sani tun a gida da ki tsaya a ƙofa da kula a ka kina roƙon maigadi.

3. Ƙirga manya kafin ki amsa yaran mutane

Babba ɗaya, yara uku. In akwai na goye, mai goyon ba ta riƙe fiye da ɗaya a hannu. 'Yar shekara goma sha biyu mataimakiya ce, ba babba ba, don ita ma kallo ta zo yi. In manya ba su isa ba, ki ce wa maƙwabciya, “Maman Abba, ki yi haƙuri, sai dai ki zo mu tafi tare, ko a bari sai wani jiƙon.” Za ta ji haushi kwana biyu ya wuce. Ɓatan ɗanta a hannunki ba zai wuce ba.

Kowane yaro a faɗa masa hannun wa yake, babban ma a faɗa masa sunayen nasa. “Mu duka muna kallonsu” ita ce maganar da take ɓatar da yaro, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne yake riƙe da shi.

4. Aikin daren jajibiri

Abinci a yi wanda ba ya tsami da wuri kuma ba ya neman cokali da kwano goma. Dafaduka mai ɗan maiƙo, dambu, gurasa, soyayyen dankali, awara, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, cincin, dabino, lemo da ayaba. Ki guji miyar da za ta zube, da kwaɗon da aka riga aka haɗa, da duk abin da aka sa wa madara. Kunun aya daɗi gare shi amma ba ya jure zafi, in ba a cikin ƙanƙara ba kafin azahar ya juya. Zoɓo ya fi shi haƙuri. Gyaɗa da alawa mai tauri kada a ba wanda bai kai shekara huɗu ba, yana ci yana gudu zai iya shaƙewa. Abin da za a dafa da asuba, ki yanka kayansa ki ajiye tun dare.

Sutura: na san Salla ce kuma ana son hoto, amma shadda mai sitaci da takalmi sabo fil ba kayan yawo ba ne. Sabon takalmi kafin awa ɗaya ya ci dunduniya. A sa wanda ƙafa ta saba da shi, mai rufi ko mai maɗauri, silifas yana tsinkewa. 'Yan mata a sa musu wando a ƙarƙashin riga saboda lilo, hijabi kuma gajere, dogo yana maƙalewa a ƙarfe. Sarƙa da 'yan kunnen gwal su zauna a gida. In da hali ki sa musu kala ɗaya mai haske, anko ma yana da ranarsa: daga nesa za ki hango naki.

Sannan ki yanki takarda, ki rubuta sunan yaro, unguwa, da lambar waya biyu, taki da ta babansu. Ki sa a ƙaramar leda ki maƙale da fil mai kulle a cikin aljihu. Wanda ba shi da aljihu, ki rubuta lambar da biro a damtsensa. Ko yaron ya haddace lambar ki rubuta, tsoro yana kore hadda.

5. Kafin a fita ƙofa

A karya kumallo sosai. Kowa ya zaga bayi, har wanda ya ce ba ya ji. Ki jera su ki ɗauki hotonsu da waya, kowa da kayan da ke jikinsa a ranar. Sai ki durƙusa daidai tsayinsu ki faɗi doka uku kawai, su maimaita: ba mai sakin hannu sai an ce ya saki, ba mai zura hannu a keji, wanda ya duba bai ga kowa ba ya tsaya cak inda yake. Doka ta wuce uku, ba ɗaya da za su riƙe. A yi addu'ar fita daga gida, a ƙirga kai, a tafi.

6. A hanya

In adaidaita sahu ne, ki ɗauki shata, ku gama ciniki kafin kowa ya hau. Manya su zauna a baki, yara a tsakiya, ba hannu ba kai a waje, ba yaro a gefen direba. Kun yi yawa, ku ɗauki biyu. In mai kirki ne ki karɓi lambarsa ya dawo ya ɗauke ku, don samun abin hawa da yamma da yara takwas a gefen titi wahala ce. In motar gida ce, yara a baya, a kulle ƙofofi, kuma ko minti biyu kada a bar yaro a cikin mota a rufe don za a je sayen tikiti. Wajen sauka, babba ya fara sauka ta ɓangaren da ba titi ba, sannan a miƙo yara ɗaya bayan ɗaya.

7. Shiga da kafa wurin zama

Mutum ɗaya ya shiga layin tikiti, sauran su tsaya gefe da yara. Bakin ƙofa ya fi ko'ina turmutsutsu, a nan ake yanke jaka, don haka taki ta dawo gaba. Ana shiga a ƙirga kai. Ki nuna wa yara ma'aikatan wurin da irin kayansu, ki ce in an rabu wurin waɗannan ake zuwa, ko wurin uwa mai riƙe da yara.

Ki nemi inuwa da ba ta yi nisa da bayi da wurin salla ba. Kafin ki shimfiɗa tabarma ki duba ƙasa, ko akwai gidan cinnaka ko fasasshiyar kwalba, ki ɗaga kai ki duba ko akwai busasshen reshe ko zuma. In akwai tsohuwa ko mai ƙaramin goyo a tafiyar, ita ce mai gadin kaya. In babu, kada ki bar kaya su kaɗai, a zagaya da su, shi ya sa tun farko ba a cika kaya.

8. Gaban dabbobi da wurin lilo

Ku fara da abin da yaran suka fi ɗoki, yawanci zaki da kura da birai, tun suna da ƙarfi. Tsuntsaye da kunkuru su zo daga baya. Ki bar su su daɗe inda hankalinsu ya kwanta. Autana ya taɓa tsayawa kusan rabin awa gaban kada da ya buɗe baki bai motsa ba, yana ta gardama da yayarsa cewa na roba ne. Da kadan ya lumshe ido ɗaya, sai ya ja da baya ya riƙe zanina ya ce, “Umma, ya ganni.” Har yau in an yi maganar gidan zu, kadan nan yake tunawa, bai ma san mun ga zaki ba.

Kada a ɗora yaro kan shinge ko bangon ramin kada don ya gani ko don hoto. Ki ɗauke shi a ƙirjinki ki ja baya taku biyu. Biri ya fi yaro sauri, zai fizge hula ko biskit ta tsakanin waya, ya haɗa da yatsa. Jimina tana da dogon wuya kuma tana kai wa abu mai ƙyalli sara. Ba a ba dabba abinci, ba a jifanta don ta tashi, in kin ga naki ya ɗauki dutse ki tsawata masa nan take. In tsautsayi ya sa biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ku wuce asibiti a ranar ki faɗa musu biri ne, saboda allurar rigakafin ciwon haukan kare. Kada a tsaya shafa toka ko man gargajiya a jira gobe.

A wurin lilo, ki fara kai hannu kafin yaro. Ki girgiza ƙarfen, ki duba sarƙa da ƙusoshi da tsatsa. Abin zamiya na ƙarfe ki taɓa shi da bayan hannu, da tsakar rana yana ƙona cinya. Yara sukan ji ciwo a ƙasa ma, ba a kan lilon kaɗai ba, wato masu giftawa ta gaba ko ta baya wani yana lilawa. Na lantarki masu juyawa, ki tsaya ki kalli zagaye ɗaya tukuna, ki ga ko ana ɗaura wa yara bel kuma mai kula da shi yana wurin. Yaron da ya ce yana tsoro a ƙyale shi, ko an riga an biya. Tun a gida ki faɗa musu kowa hawa biyu da askirim ɗaya, in ba haka ba aljihunki ne zai yi kuka.

9. Ci, sha, salla

Duk rabin awa ki tsayar da su su sha ruwa, ba sai sun tambaya ba, yaron da yake wasa ba ya jin ƙishi sai ya galabaita. A wanke hannu da sabulu kafin a ci, balle an tattaɓa shinge. Manya su yi salla bi da bi, ba a tayar da kabbara gaba ɗaya a bar yara. Bayi kuwa babba ne yake raka yaro har ƙofa ya jira shi, da butarku da sabulunku.

Alamar zafi ya fara cin yaro: ya yi shiru, ya daina wasa, leɓe ya bushe, yana kukan ciwon kai, ko tun safe bai yi fitsari ba. Ki kai shi inuwa, ki sassauta kaya, ki shafe shi da ruwa, ki riƙa ba shi ORS kaɗan-kaɗan. In babu ƙullin, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ki sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai za a yawaita masa. In yaro ya fara sambatu, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya some, a nufi asibiti kai tsaye.

10. In an ƙirga ba a cika ba

Ya taɓa faruwa da ni, a wani wurin wasa da yamma, kuma laifina ne. Mun fito da yara tara, manya biyu. Na tsaya karɓar canji wurin mai balan-balan, na juyo, ɗan ƙanwata mai shekara huɗu babu shi. Abin da na fara yi shi ne abin da bai kamata ba: na bazama ina kwaɗa kiran sunansa, sauran yaran suka biyo ni a guje, saura kaɗan in ɓatar da na biyu. Sunan nan kuwa yara nawa ne masu shi a wurin? Wani dattijo ne ya tare ni ya ce, “Baiwar Allah, wane irin kaya ne a jikinsa?” Na ce jar riga da baƙin wando. Ya ɗaga murya ya faɗa, nan take idanun mutane ashirin suka shiga nema. Aka same shi bayan rumfar mai askirim, yana tsaye yana kallon injin, ko a jikinsa. Duka abin bai fi minti goma ba, amma har muka isa gida ƙafata ba ta daina rawa ba.

Tun daga ranar ga tsarina. Babba ɗaya ya zaunar da sauran yara a tabarma, ba mai tashi. Ɗaya ya tafi ƙofar fita kai tsaye ya nuna wa masu gadi hoton da aka ɗauka da safe. Mai nema ya riƙa faɗin shekaru da kalar kaya da ƙarfi. A fara duba inda haɗari yake, bakin ruwa da titi, sannan inda yaron ya nuna yana so ɗazu, don yawanci can ya koma. In an ɗauki lokaci ba a gan shi ba, a sanar da ofishin wurin da 'yan sanda mafi kusa, ana kuma iya kiran 112. In an same shi, ki rungume shi tukuna. Wanda aka daka don ya ɓata, gobe in ya ɓata ɓuya zai yi.

11. Tashi

Ku tashi tun ana jin daɗi, awa uku zuwa huɗu sun isa. Da kin ga ƙaramin ya fara murza ido ko faɗa ya yawaita a kan abin banza, lokaci ya yi. Ki sanar da su saura hawa ɗaya, kada ki fizge su ba zato. Ku bar wurin kafin magariba, ba lokacin da kowa zai ɗunguma ƙofa ba. A tattara shara a leda, yaran su tsince da hannunsu, a kakkaɓe tabarma, a ƙirga buta da kula, a ƙirga kai a ciki, a sake ƙirgawa bayan an fito, a sake bayan an hau abin hawa.

A gida kowa ya yi wanka kafin barci ya kwashe shi, ki duba ƙafa da gwiwa ko akwai ƙaya ko ƙujewa. Abincin da ya wuni a kula ki shinshina, in kina shakka ki zubar. Ɗan maƙwabta kuma kada ki sauke shi a bakin layi ki ce ya ƙarasa. Ki kai shi har cikin gida, ki miƙa shi hannu da hannu ga uwarsa, da hularsa da takalmansa ƙafa biyu.